Tarihin Sin, Japan da Koriya Daga Bakin Fim: Wa Ya Ruwaito Mana?

 

Akwai wata hujja da matasanmu suka samu a 'yan shekarun nan, wadda suke kare kansu da ita duk lokacin da aka yi musu faɗan yawan kallo. A da, idan ka kama yaro da fim ɗin Indiya sai ya sunkuyar da kai, domin ya san rawa da waƙa ce, ba shi da ta cewa. Yanzu kuwa sai ya ɗago ya dube ka, ya ce: "Malam, ai wannan na tarihi ne." Abin da yake nufi shi ne dogayen fina-finan Koriya da na Sin masu sarakuna da fadawa da yaƙin takobi, waɗanda shagunan masu tura fina-finai a waya suka cika da su, tun daga bakin tashar Dutsin-Ma har cikin Kurfi. A shekarar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya na 'yan watanni a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da namu biyun nan, wayoyi sun daina kira amma ba su daina nuna fim ba. Waɗannan shaguna su suka riƙe matasa a lokacin, kuma tun daga nan abin bai ragu ba.

Malamai 'yan'uwana sun kasu biyu a kan wannan hujja. Wasu na ganin rainin hankali ne kawai, a kwace waya a huta. Wasu kuma, musamman 'yan boko, sun karɓe ta hannu bibbiyu, har su jawo maganar nan da ta shahara a bakin mutane cewa a nemi ilimi ko da a birnin Sin ne. Bari in fara sauke wannan nauyi tukuna: maganar ba ta inganta daga Manzon Allah (SAW) ba. Ibnu Hibban ya ce ba ta da asali, Ibnul Jauzi kuma ya kawo ta a littafinsa Al-Maudu'at, wato kundin ƙagaggun hadisai. Ba ma buƙatarta. Alƙur'ani a wurare da dama ya yi umarni da tafiya a bayan ƙasa don ganin ƙarshen al'ummomin da suka gabata, kuma aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta bayyana cewa hikimar rarraba mu dangogi da ƙabilu ita ce mu san juna. Sanin tarihin mutanen Gabas mai nisa abu ne mai kyau. Tambayata ɗaya ce, irin wadda ɗalibin hadisi yake fara yi kafin ya dubi matani: wa ya ruwaito?

Mu ɗauki Jumong, tunda shi ne uban tafiya. Gidan talabijin na MBC a Koriya ta Kudu ya nuna shi daga 2006 zuwa 2007, kashi 81, kuma ya iso mana a faifan DVD ba da daɗewa ba. Labarin mutumin da ya kafa daular Goguryeo ne, a shekara ta 37 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kamar yadda littafin Samguk Sagi ya kawo. Shi wannan littafi an kammala shi ne a 1145. Mai karatu ya lissafa da kansa: kusan shekara 1,180 ke nan tsakanin mutumin da littafin. Kuma abin da tsofaffin ruwayoyi suka faɗa a kansa shi ne daga cikin ƙwai ya fito, mahaifiyarsa kuma 'yar abin bautar kogi ce. Wato Jumong a wurin Koriyawa kamar Bayajidda ne a wurinmu, da rijiyar Kusugu da macijinta. Labari ne da al'umma take bayyana asalinta da shi, yana da daraja a matsayinsa, amma ba wanda zai ce ya san abin da Bayajidda ya faɗa wa Daurama a daren farko. To masu fim sun cire ƙwan, suka cike gurbin da sa'o'i kusan tamanin na zance da makirci da soyayya, duk daga ƙwaƙwalwar marubuta. Yaron da ya haddace sunayen jaruman Jumong ya haddace aikin marubucin wasa ne na ƙarni na 21.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Daga 2002 zuwa 2007 cibiyar nazarin zamantakewa ta gwamnatin Sin ta gudanar da wani bincike a kan yankin arewa maso gabashin ƙasar, wanda ya nuna Goguryeo a matsayin wani ɓangare na tarihin Sin. Koriyawa suka fusata, har abin ya zama rikicin diflomasiyya a 2004. A cikin wannan ƙura aka shirya Jumong, kuma duk wanda ya kalla ya san su wane ne azzalumai a cikinsa: sojojin daular Han ta Sin. Ashe yaronmu da ke zaune a zaure a Kurfi yana jin haushin mutanen Han, an shigar da shi shari'ar gado ce tsakanin ƙasashe biyu, an sa shi ya yanke hukunci, alhali ɓangare ɗaya kawai ya saurara, bai ma san akwai shari'ar ba.

Haka abin yake ga fim ɗin da mata suka fi so, Dae Jang Geum, na 2003, mai kashi 54. Matar ta rayu da gaske a zamanin Sarki Jungjong, wanda ya yi mulki daga 1506 zuwa 1544. Amma ambatonta a kundin tarihin daular Joseon bai wuce sau goma da 'yan kai ba, a gajerun layuka, kuma a matsayin mai ba da magani. Duk zancen girke-girke da gasar madafar fada, wanda shi ne rabin fim ɗin, ƙari ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, shi wannan kundi da masu fim suke tsakura daga cikinsa ya fi fim ɗin ban mamaki nesa ba kusa ba, kuma ba mai ba yaranmu labarinsa. Daular Joseon ta ajiye marubuta waɗanda aikinsu shi ne bin sarki suna rubuta abin da ya faɗa da abin da ya aikata, kuma ƙa'idarsu ita ce sarki ba ya karanta abin da suka rubuta a kansa. Sai bayan ya rasu ake tattarawa. Kundin ya ƙunshi sarakuna 25, daga 1392 zuwa 1863, a juzu'i 1,893. A cikinsa an kawo cewa a 1404 Sarki Taejong ya faɗo daga doki a wajen farauta, ya waiga ya ce kada a bari marubuci ya sani. Marubuci ya rubuta faɗuwar, ya kuma rubuta umarnin. Duk ɗalibin da ya taɓa buɗe littattafan jarhi da ta'adili, ya ga yadda Aliyu ɗan Madini ya raunana ruwayar mahaifinsa don amanar ilimi, zai gane waɗannan mutane nan take. Wannan shi ne darasin da Koriya take da shi a gare mu, ba salon ɗaurin gashi ba.

A cikin kundin nan ne kuma aka rubuta cewa akwai Musulmi a Koriya a farkon zamanin Joseon, suna halartar bukukuwan fada da tufafinsu da addu'arsu, har zuwa 1427 lokacin da Sarki Sejong, wanda ya ƙirƙiro haruffan Koriya, ya amince da shawarar a hana su bambanta da sauran jama'a a sutura da ibada. Tun kafin nan, a ƙarni na 9, Ibnu Khurdazbih ya ambaci ƙasar Sila a littafinsa na hanyoyi da dauloli. Musulunci bai sake kafuwa a can ba sai da sojojin Turkiyya suka je yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, aka kuma buɗe babban masallacin Seoul a 1976. Na tambayi ɗalibai da yawa waɗanda suka cinye fina-finan Joseon, ban samu ko ɗaya da ya taɓa jin wannan ba. Ba laifinsu ba ne. Mai fim ba don su ya shirya ba.

Fina-finan Sin kuwa tsofaffin baƙinmu ne. Iyayenmu sun kalli Bruce Lee a silima, mu kuma mun taso da Jackie Chan da Jet Li a gidajen kallo, muna fitowa muna gwada harbin iska a kan juna. Muna kiran su finafinan faɗa, ba mu san tarihi ake karanta mana ba. Fist of Fury na 1972 kukan wulaƙancin da Sinawa suka sha ne a hannun Japanawa da Turawa a Shanghai. Ip Man na 2008 ya nuna malamin Bruce Lee yana lallasa wani janar na Japan a bainar jama'a, kuma wannan karawa ba ta cikin tarihin mutumin. Abin da aka sani shi ne ya yi aikin ɗan sanda a Foshan, ya koma Hong Kong a 1949. Mamayar Japan dai gaskiya ce, kisan kiyashin Nanjing na 1937 gaskiya ne, mulkin mallakar da Japan ta yi wa Koriya daga 1910 zuwa 1945 gaskiya ne. Ramuwar gayyar ce mai fim ya ƙaga, don ya sanyaya zuciyar mutanensa. Su kansu Sinawa sun san wannan bambanci tun da daɗewa. Suna da tarihin dauloli uku da Chen Shou ya rubuta a ƙarni na 3, suna kuma da ƙagaggen labarin dauloli uku na ƙarni na 14, wanda wani malaminsu ya kimanta shi da kashi bakwai gaskiya, uku ƙari. Yawancin abin da ke isowa gare mu daga na biyun yake fitowa, bayan mai fim ya yi nasa ƙarin, mai fassara zuwa Hausa ma ya zuba nasa barkwancin. Isnadi ne mai maruwaita huɗu, kowanne ya yarda yana ƙari.

Ga wani abu da ya kamata a ce kowane Bakatsine ya sani. Yawancin fina-finan faɗan nan a Hong Kong aka yi su. Ingila ta karɓe Hong Kong ne a yarjejeniyar 1842, bayan yaƙin da ta yi da Sin saboda wani jami'i mai suna Lin Zexu ya ƙwace ya lalata akwati fiye da 20,000 na ofiyom, ƙwayar da 'yan kasuwar Ingila suke shigarwa tana kashe zukatan jama'a. (Garin da ya ga abin da kodin da taramol suka yi wa samarinsa ba ya buƙatar dogon sharhi a kan Lin Zexu.) To shi Lugga, wanda ya ci Kano da Sakkwato ya iso Katsina a 1903, da ya bar Arewa a 1906, ina aka tura shi? Hong Kong. Ya yi gwamna a can daga 1907 zuwa 1912, shi ya tsaya aka kafa jami'ar Hong Kong, sannan ya dawo ya haɗe Kudu da Arewa a 1914. Har yau akwai titi mai sunansa a can. Baturen da Jet Li yake harara a fim da Baturen da ya sa kakanninmu biyan haraji da kuɗin Ingila, ofis ɗaya ne ya aiko su, wani lokaci ma mutum ɗaya ne. Fim ya kawo yaro har bakin wannan ƙofa, amma ba zai buɗe masa ba, sai malami.

Kuma a nan ma, abin da ya fi shafarmu shi ne wanda ba a turo mana. Ibnu Baɗuɗa, wanda ya sauka Takedda a 1353 ya ambaci tagullar da ake kaiwa Gobir da Barno, shi ne dai ya sauka tashar jiragen ruwa ta Zaitun a Sin wajen 1345, ya tarar da Musulmi da alƙalinsu. Zheng He, wanda ya jagoranci manyan tafiye-tafiyen ruwa bakwai daga 1405 zuwa 1433 har zuwa gaɓar gabashin Afirka, ɗan gidan Musulmi ne daga Yunnan, mahaifinsa da kakansa duk ana yi musu laƙabin alhaji. Musulmin Sin suna da nasu ajamin, suna rubuta Sinanci da haruffan Larabci kamar yadda muke rubuta Hausa. A farkon ƙarni na 18 malaminsu Liu Zhi ya rubuta tarihin Manzon Allah (SAW) da Sinanci. A lardin Henan akwai masallatan mata da malamai mata masu karantar da 'yan'uwansu, tsarin da ya yi ɗaruruwan shekaru, wanda ba zai kasa tuna wa mutum 'Yan Taru na Nana Asma'u ba. Sannan akwai na yau: a watan Agustan 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto cewa abin da aka yi wa Uigur a Xinjiang zai iya kaiwa laifi ga bil'adama, gwamnatin Sin ta ƙaryata. Fim ɗin Mulan na kamfanin Disney na 2020 an ɗauki wani ɓangarensa a wannan yanki, har aka gode wa hukumomin wurin a rubutun ƙarshe. Mai kallo ya ga rairayi da duwatsu masu kyau.

Kada mai karatu ya ɗauka ina zargin wani da makirci. Kowace ƙasa tana tallar kanta, kuma ba a ɓoye suke yi ba. Sashen Hausa na Rediyon Sin yana watsa shiri tun 1963. A 2013 aka fassara wasan Beijing Love Story zuwa Hausa aka nuna a talabijin. Koriya ta Kudu ta buɗe cibiyar al'adunta a Abuja a 2010. Mai talla ba ya nuna ɓangaren goron da ya ruɓe, kuma ba a kiransa maƙaryaci don haka. Mai saye ne ake so ya juya huhun.

Na Japan ba su cika yawa a wayoyinmu ba, in ban da zane-zanen yara. Wanda aka fi sani, The Last Samurai na 2003, ba ma Japanawa suka yi shi ba, Amurkawa ne. Sun ɗauki tawayen Satsuma na 1877 suka cire wa 'yan tawayen bindigoginsu don takobi ya fi kyan gani, suka kuma ɗauki labarin wani hafsan Faransa, Jules Brunet, daga wani yaƙi dabam, suka mayar da shi Ba'amurke. Amma akwai fim ɗaya na Japan da nake ganin duk mutumin wannan yanki da ya kalla sai jikinsa ya yi sanyi, wato Seven Samurai na Akira Kurosawa, 1954, wanda daga gare shi Sholay ɗin da muka sani ya ari ƙashin bayansa. Ƙauyen manoma ne a ƙarni na 16. 'Yan fashi a kan dawakai sun zo sun duba, suka ce a bari sai an yi girbi. Hukuma ba ta da amfani a gare su. Manoma suka yi shawara: a miƙa wuya, ko a gudu, ko a nemo mayunwatan mayaƙa a biya su da abinci. Ban san wani mutumin Kurfi ko Safana ko Batsari da zai buƙaci fassara ba. Kuma Kurosawa bai yi wa kowa ado ba: ya nuna tsoron manomi da rowarsa da abin da yake ɓoyewa, ya nuna cewa masu makami ne suka mayar da shi haka, ya nuna cewa mai kare ka da takobi shi ma abin tsoro ne a gidanka. Labarin ƙagagge ne daga farko har ƙarshe, bai kuma yi da'awar tarihi ba, shi ya sa na fi amincewa da shi. Ya bar mai kallo da tambayar da littafi ne kawai zai amsa: yaya Japan ta fita daga wannan hali? Sai mutum ya je ya karanta yadda Hideyoshi ya tattara makamai daga hannun manoma a 1588, da yadda mulkin Tokugawa ya zaunar da ƙasar daga 1603 na fiye da shekara 250, da irin tsadar da talaka ya biya kafin a samu wannan zaman lafiya.

A nawa ganin, malamanmu sun riga sun ba mu ma'aunin. Ibnu Kasir, a muƙaddimar tafsirinsa, ya kasa labaran Isra'iliyyat uku: wanda muka tabbatar da gaskiyarsa, wanda muka tabbatar da ƙaryarsa, da wanda ba mu gaskata ba mu ƙaryata. Ibnu Khaldun kuma ya koya mana auna adadin runduna da girman ƙasa da abincin da za ta iya ci kafin mu karɓa. Ɗalibin da ya iya wannan a aji ya kamata ya iya shi a gaban waya. Tatsuniyar kakanninmu ta fi fim adalci ta wannan fuska, domin mai yin ta yakan rufe da shaida wa yara cewa don Gizo ya yi ƙarya. Fim kuwa da shekara yake buɗewa, da taswira, da sunan sarki na gaske.

Ban manta da ɗaya ɓangaren ba. Akwai giya a kusan kowane zama, akwai sujada ga allunan kakanni, akwai bokaye da zancen dawowar rai a wani jiki, akwai soyayyar da aka ƙawata da kiɗa har ta shiga zuciyar yarinya 'yar shekara goma sha uku. Akwai kuma lokaci: kashi 81 ya fi kwana uku cur ba barci, kuma na san hadda nawa ta zube a wannan rami. Uban da ya hana a gidansa yana da hujjarsa. Amma malamin da bai san abin da ɗalibansa suke kallo ba, ba zai iya gyara abin da kallon ya dasa ba, kuma kwace waya ɗaya a garin da ake tura fim da kuɗin ƙosai ba ya hana komai.

Gwajin da nake yi wa manyan ɗalibaina mai sauƙi ne. Nakan tambaye su ko sun yarda Bakoriye ya koyi tarihin Zazzau daga fim ɗin Amina da ya fito a Netflix a 2021, wanda 'yan Arewa da yawa suka yi ta kuka da harshensa da tufafinsa. Sai su ce a'a, ai ba haka muke ba. Daga nan sai in juya tambayar gida. Hakimin Dutsin-Ma Yandaka ne, yana cikin masu zaɓen Sarkin Katsina. Daga ina sarautar ta samo asali? Hakimin Kurfi Maradi ne. Mece ce alaƙar wannan suna da birnin Maraɗi na Nijar, inda zuriyar sarakunan Katsina na dā suka koma bayan jihadi? Wane ne Korau, wane ne Sanau, me ya faru a Durɓi ta Kusheyi? A nan ajin yakan yi tsit, ajin da ɗazu yake jero mini 'ya'yan Sarki Geumwa ɗaya bayan ɗaya. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya yi littafi guda a kan sauyin da Katsina ta samu daga 1400 zuwa 1883, an buga shi a Zariya a 1981, kuma ya buɗe shi ne da tankaɗe da rairayar ruwayoyin da ya dogara da su, na baka da na rubuce da na Turawa. Muna da jami'ar tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, muna da Kwalejin Isa Kaita. Ɗalibai uku daga ajina sun ɗauki alƙawarin nemo littafin su karanta babin farko kafin hutun ƙarshen zango, ni kuma na ɗauki alƙawarin fassara musu abin da ya yi musu tsauri.